Jakar Goyo a Baya, Biro a Hannu: Yadda Ɗalibi Zai Karanci Tsohon Birnin Gwari

Idan aka ambaci Birnin Gwari a ɗakin kwana ko a teburin mai shayi, kowa ya san abin da ke fara fitowa daga bakin mutane: 'yan bindiga, garkuwa da mutane, hanya ba ta biyuwa. Ba ƙarya suka yi ba, an sha wuya a wannan ƙasa. Amma ka gwada tambayar mai maganar: Birnin Gwari nawa ne? Me ya sa ake cewa Tsohon Birni? Wane babban gandun daji ne a can? Da me ake yin miya a can? Sai ka ji ya yi shiru. Gari mai tarihin da aka rubuta tun shekara 200 da suka wuce ya koma kanun labari guda ɗaya tak a cikin kawunanmu.

Wannan darasi yana magana ne a kan yawon buɗe ido irin na ɗalibi, mai ƙaramin aljihu da jakar goyo. Za mu ɗauki Tsohon Birnin Gwari da dajin da ke kewaye da shi a matsayin ajinmu, mu koyi karanta wuri ta fuska huɗu: kufai, dutse, daji da kwanon abinci. Daga nan mu zo kan maganar tsaro, wadda ita ce sharaɗin komai.

WACE IRIN TAFIYA CE WANNAN?

A Turai, matasa sa'anninmu suna da wata al'ada. Da zarar an yi hutu sai mutum ya cusa kaya kala biyu ko uku a jaka, ya hau jirgin ƙasa, ya nufi birane irin su Firag ta Jamhuriyar Cek ko Budafes ta Hungari. Yana kwana a masaukin matasa inda mutum shida ko takwas ke raba ɗaki ɗaya, ya yini yana yawo da ƙafa, ya ci abincin da 'yan gari ke ci. Wani malamin makaranta Bajamushe, Richard Schirrmann, shi ya kawo dabarar irin wannan masauki a 1909, aka buɗe na dindindin na farko a tsohuwar fadar Altena a 1912. Ka lura fa, malami ne ya ƙirƙiro abin, kuma saboda ɗalibai ya yi shi.

To me suke zuwa kallo? A Firag akwai gada da aka fara ginawa a 1357, da agogon da aka kafa a 1410, kuma UNESCO ta saka tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1992. Me suke ci? A Budafes abincin da baƙo ke fara nema shi ne gulash, wani farfesun naman sa da jan barkono. Asalin sunan ma daga kalmarsu ta "makiyayi" ya fito, domin abincin masu kiwon shanu ne a daji. Wato dai tsohon gini da abincin makiyaya, abubuwan da mu muke rainawa a gida, su ne jarin waɗancan birane. Abin da suka fi mu da shi uku ne: sun adana, sun rubuta, sannan hanyarsu tana biyuwa dare da rana. Na uku aikin hukuma ne. Na farko da na biyu kuwa akwai hannun ɗalibi a ciki.

BIRNI BIYU, SUNA ƊAYA

Ƙaramar hukumar Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, tana iyaka da jihohin Zamfara, Katsina da Neja. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma a ƙidayar 2006 an samu mutum fiye da 250,000 a cikinta. Daga Kaduna ta Mando ake fita, a bi ta Buruku da Udawa, tafiyar kimanin kilomita 120. Wannan hanya ita ce ke zarcewa Tegina ta sauka kudu, shi ya sa manyan motoci suka daɗe da saninta.

Garin da mota za ta sauke ka shi ne sabon Birnin Gwari, wanda aka kafa a 1957. A nan hedikwatar ƙaramar hukuma take, a nan kuma fadar Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubair Jibril Mai Gwari II, take. Tsohon Birnin kuwa yana can arewa, kimanin kilomita 50, ta hanyar da ta nufi Funtuwa. Ka riƙe wannan bambanci da kyau. A tasha idan ka ce "Birnin Gwari", sabon ake nufi. A tsofaffin littattafai da taswirorin da aka zana kafin 1957 kuwa, tsohon ake nufi. Ɗalibin da bai san wannan ba zai iya rubuta furojet guda yana cakuɗa garuruwa biyu.

DARASI NA ƊAYA: KARANTA KUFAI

Tun a firamare aka koya mana Gwari cikin jerin Banza Bakwai. Mutanen da Hausawa ke kira Gwari su Gbagyi suke kiran kansu, kuma maƙwabtansu a wannan daji su ne Kamuku, waɗanda aka raɗa wa gandun dajin sunansu. Yau Hausa ce harshen kasuwa da na gari, ga kuma Fulani makiyaya da suka daɗe a yankin. Ladabin farko na baƙo shi ne ya kira mutane da sunan da suke so, ya bar barkwancin ƙabila a bakin ƙofar makaranta.

Tsohon Birnin yana kan hanyar fatake da ta haɗa Kano da Zariya da ƙasashen Nufe da Yawuri. Ɗaya daga cikin matafiyan da suka bi ta ciki suka rubuta shi ne Hugh Clapperton, Bature ɗan Sikotland. Ya taso daga Badagiri a watan Disamba 1825, ya ƙetare Kwara a ƙasar Busa, ya biyo ta Birnin Gwari a daminar 1826, ya wuce Zariya da Kano, ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu 1827. A littafin tafiyarsa da aka buga a Landan a 1829 ya siffanta garin da cewa mai ganuwa ne, kuma ya nuna cewa a da ƙasar tana ƙarƙashin Katsina ne, daga baya ta shiga sahun masu tawaye ga sabuwar daular da jihadi ya kafa. Can wajen ƙarshen ƙarni na 19 kuma hare-haren Kontagora suka addabi ƙasashen Gwari da Kamuku. Ka ga ke nan rashin tsaro ba yau ya fara ziyartar wannan ƙasa ba, kuma ta sha farfaɗowa bayansa.

To yaya ake karanta tsohon gari? Ba a tsayawa a ɗauki hoto a juya. Ga abin da za ka nema, a Tsohon Birni ko a kowane tsohon gari:

Na farko, layin ganuwa. Ganuwar ƙasa idan ta zube takan bar doguwar tudu da kwari a gefenta. Ka roƙi dattijo ya nuna maka inda ta bi, ka taka da ƙafarka, ka auna. Girman filin da ta kewaye shi ke nuna yawan mutane da gonakin da aka tanada don ranar da aka rufe ƙofa.

Na biyu, sunayen ƙofofi da unguwanni. Sunan ƙofa yakan faɗi garin da take kallo, sunan unguwa kuma yakan faɗi sana'a ko asalin mazaunanta. Inda ka ji Zango, a nan fatake ke sauka.

Na uku, itatuwan da hannu ya bari. Tarin kuka, tsamiya ko rimi a tsakiyar fili alama ce ta cewa an taɓa zama a wurin.

Na huɗu, ruwa: tsofaffin rijiyoyi, kududdufin da aka haƙa don ginin gidaje, da ramukan marina idan akwai.

Na biyar, kuma shi ne mafi tsada, bakin tsofaffi. Wanda yake ɗan shekara goma a 1957 yau ya doshi tamanin. Su ne suka ga tashin gari da idonsu. Ka durƙusa ka gaishe su, "Baba, sannu da hutawa", "Inna, mun same ku lafiya?", ka faɗi sunanka da makarantarku, ka nemi izini kafin ka kunna rikoda. Ka tambaye su wa ya tashi, wa ya ƙi tashi, ina kasuwa take a da, me aka ɗauka aka tafi da shi, me aka bari. Ganuwa za ta iya jiran ka shekara goma. Waɗannan bayin Allah ba su da wannan lokacin.

DARASI NA BIYU: KARANTA DUTSE

'Yan sashen ma'adinai sun san sunan Tsohon Birnin Gwari ko da ba su taɓa zuwa ba, domin yana cikin wuraren zinare da ake ambata a littattafan ilimin duwatsun Najeriya, tare da Kwaga da ke wannan yankin. Ƙasar tana kan wani dogon zirin tsohon dutse mai ɓarewa falle-falle, wanda masana ke kira zirin Kushaka. Zinaren yana cikin jijiyoyin farin dutse da suka ratsa shi, ruwan sama kuma yana wanko ɓarɓashinsa zuwa cikin rafuka. Shi ya sa ake samun masu haƙa rami da masu wanke yashi da kasko.

An fara fitar da zinare a hukumance a Najeriya a 1913, harkar ta yi tashe a shekarun 1930, sannan ta faɗi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Yau mafi yawan aikin a hannun ƙananan mahaƙa yake. A nan akwai gargaɗi biyu. Na ɗaya, wurin haƙar zinare ba wurin yawon kallo ba ne, akwai kuɗi, akwai zargi, akwai masu makamai. Na biyu, a wasu wurare dutsen zinare yana haɗe da dalma. A 2010 gubar dalma ta kashe yara akalla 400 a ƙauyukan Zamfara saboda niƙa dutse a cikin gidaje, a 2015 kuma ta sake ɓulla a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari. Don haka duk inda ka ga ana niƙa dutse, kada ka ci abinci a wurin, kada ka sha ruwan wurin, kada ka ɗebo ƙasar ka saka a jakar da kake ajiye burodi.

DARASI NA UKU: KARANTA DAJI

Gandun Dajin Kamuku yana da faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,120. An keɓe shi tun 1936 a matsayin gandun En'e, sannan a watan Mayu 1999 ya zama gandun daji na ƙasa, shekara ɗaya da na Okomu a Jihar Edo. Ta arewa maso yamma yana manne da dajin Kuyambana na Zamfara. Wuraren da aka fi saninsa da su sun haɗa da Dogon Ruwa, inda ruwa ke zubowa daga kan duwatsu, da Goron Dutse, wani ƙaton dutse da ya tashi shi kaɗai a tsakiyar fili, da Tsaunin Rema, tarin manyan duwatsu a kan juna wanda remaye suka mayar gida.

A lissafin dabbobin da aka rubuta a gandun akwai giwa, gwanki, kanki, gada, mazo, mugun dawa, gogon biri da jan biri, da tsuntsaye nau'i fiye da 170, ciki har da burtu da tuje. Sai dai kada ka tafi da tunanin za ka ga giwa tana jiran ka a bakin hanya. Farauta, sarar itace, kiwo ba bisa ƙa'ida ba da shekarun rikici duk sun taɓa dajin.

Abin da ba ya gudu shi ne itace, kuma a nan ɗalibi zai fi ƙaruwa. Wannan daji na doka ne, itacen da ya fi yawa a irin wannan ƙasa. Tare da shi za ka ga maje, baushe, taura, kirya, tafashiya, namijin kaɗe da ɗorawa. Gwaji mai sauƙi: ka tsaya wuri ɗaya, ka ƙirga itatuwa goma mafi kusa da kai, ka rubuta sunan kowanne da Hausa, sannan ka tambayi ɗan gari amfanin kowanne. Sai ka sake yin haka a cikin gona. Za ka ga manomi ya sare kusan komai ya bar ɗorawa, kaɗanya, kuka da tsamiya. Dalilin barin su yana cikin tukunyar matarsa, kuma wannan ne ya kai mu darasi na huɗu.

DARASI NA HUƊU: KARANTA KWANO

Ƙasar Birnin Gwari ƙasar noma ce mai ruwan sama wadatacce, tana fitar da masara, dawa, shinkafa da waken suya zuwa kasuwannin Kaduna da wajenta. Saboda haka tuwon da zai fi yawan zuwa gabanka na masara ne ko na dawa, da miyar kuka, ta kuɓewa ko ta taushe. Da safe akwai koko da ƙosai ko waina. Da rana ka nemi fate, wanda ake yi da tsakin masara, yakuwa ko alayyahu, gauta da dakakkiyar gyaɗa. Kwano ɗaya ya haɗa hatsi, ganye da mai, yana riƙe ciki, ba ya cin aljihu. Matafiyi mai jakar goyo ba shi da abokin da ya fi shi. Ranar kasuwa kuma ga fura da nono daga hannun Fulani, ga tsire da balangu.

Ɗalibi dai ba ci kawai yake yi ba, yana tambayar kwanon daga ina ya fito. Ɗauki daddawa. Ɗorawa takan nuna da bazara. A fasa kwanson, a ɗebe garin nan mai ruwan ɗorawa wanda yara ke sha, a wanke ƙwayar, ita ce kalwa. A dafa kalwa sa'o'i masu yawa har ta yi laushi, a surfa ta a cire ɓawo, a sake dafawa, a zuba a kwando a lulluɓe ta kwana biyu zuwa uku. A cikin wannan lulluɓi ne ƙananan halittu ke narkar da sinadarin gina jiki da ke cikin ƙwayar, su fito da wannan ƙamshi da ɗanɗano. Daga nan a daka, a mulmula, a shanya. Abin da 'yan kimiyyar abinci ke zanawa a allo, mata suna yin sa a tsakar gida ba tare da ma'aunin zafi ba. Shi kansa kwanson ba a yar da shi: a jiƙa shi a samu makuba, wadda ake yin daɓe da shafen bango da ita don ruwa kada ya ci ginin ƙasa. Itace ɗaya ya ciyar da yaro, ya gyara miya, ya kare bango.

Haka man kaɗe. Kaɗanya takan zubo a farkon damina, a sha naman, a tara ƙwallon, a dafa, a shanya, a fasa, a soya, a niƙa, a yi ta bugawa da ruwa har man ya taso, sannan a tafasa a tace. Wannan man da ake sayarwa a ƙaramar ƙwarya shi ne kamfanonin Turai ke saye don haɗa cakulan da man shafawa. Ɗan sashen kasuwanci ya tambayi kansa: tsakanin matar da ta bugi man da kantin da ke sayar da shi a kwalba, wa ke cin riba?

Kowane lokaci da kayan marmarinsa: taura da kanya da rani, ɗorawa da mangwaro da bazara, kaɗanya da farkon damina, ɗinya da ɗanyar masara wajen ƙarshenta. Ƙa'idojin ci kuma ga su. Ka ci abin da aka sauke da zafinsa a gabanka. Ka tafi da ruwanka ko ka tafasa. Ka tambaya ko an dafa madarar kafin a yi nono. Kada ka tsinki ɗan itace ko naman kaza sai ɗan gari ya ce ana ci. Kada ka sayi naman daji: farauta a gandun ƙasa laifi ne, kuma kuɗinka ne ke mayar da maharbi daji gobe. In an ba ka abinci a gida, ka wanke hannu, ka yi bisimilla, ka ci gabanka, ka yi godiya. Miƙa wa mai gida kuɗin tuwo cin fuska ne. Ka riƙo sabulu, sukari ko goro tun daga Kaduna.

MAGANAR TSARO, BA ƁOYE-ƁOYE

Yanzu bari mu yi maganar da iyayenmu za su fara yi. A watan Mayu 2018 an kashe mutum fiye da 40 a harin Gwaska a ƙasar Birnin Gwari. A Maris 2021 an sace ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji ta Afaka, a bakin wannan hanya. A ƙarshen 2021 sai da gwamnatin jiha ta sa aka katse layukan waya a yankin na tsawon makonni. A Maris 2024 aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga ta ƙaramar hukumar Chikun, daga baya aka sako 137. Ɗalibi ba ya cikin waɗanda ake ɗaga wa ƙafa, ya ma fi zama abin hari.

A ƙarshen Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, ya karɓi rukunin farko na 'yan bindigar da suka ajiye makamai, aka sake buɗe kasuwar dabbobi da ta shafe shekaru a rufe. Motoci sun ƙaru a hanya, manoma da dama sun koma gonaki. Alhamdulillahi. Amma sulhu a wannan daji kamar sabon tsiro ne, kuma labarin makon jiya ba ya zama lasisin tafiyar wannan mako.

Saboda haka a raba tafiyar hawa uku.

Hawa na farko a nan makaranta ake yin sa, kuma kowa zai iya farawa yau: laburare, taswira, da zama da 'yan'uwanmu ɗalibai 'yan asalin Birnin Gwari. Da ɗan gari akan ci gari. Ta wayarsu ma za ka iya yin hira da kakanninsu ba ka taka ko'ina ba.

Hawa na biyu shi ne sabon gari: fada, kasuwa, dam ɗin Bagoma, da teburin masu abinci. Wannan ma sai da yardar iyaye, da takarda daga sashenku da ofishin kula da harkokin ɗalibai, da mai masauki wanda ya san da zuwanku.

Hawa na uku shi ne Tsohon Birni da Kamuku. Ba a hawa shi sai masarauta, jami'an tsaro da ma'aikatan gandun sun ce a zo, kuma da rakiyarsu. In sun ce a dakata, an gama magana. Babu makin furojet da ya kai ran mutum.

A kowane hawa: a tashi da safe a isa da rana tsaka, a hau mota a cikin tasha, kada ƙungiya ta wuce mutum huɗu ko biyar. Da isa a fara gaida mai unguwa ko dagaci. Kada a saka hoto ko wurin da ake a Facebook, TikTok ko WhatsApp sai an dawo. Kada a ɗauki hoton shingen jami'an tsaro. Kada a tambayi kowa "su waye 'yan bindiga a nan?", domin kai za ka tafi, shi wanda ka tambaya a nan zai kwana. 'Yan'uwa mata su sauka a gidan iyali, kuma su san cewa su ke da babbar dama: su ne za su shiga cikin gida inda ake daddawa da man kaɗe, inda namiji baƙo ba ya shiga.

JAKA DA ALJIHU

Lokacin da ya fi daɗin tafiya shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu: ruwa ya ɗauke, ciyawa ta kwanta, kaka ta cika kasuwa. Sai dai dare da sanyi, ka saka rigar sanyi. A jaka: kaya kala biyu masu mutunci, takalmi rufaffe saboda maciji da ƙaya, gidan sauro, tocila, fawabank, garin gishiri da sukari na maganin gudawa, katin makaranta, da littafi da biro biyu, domin waya takan mutu, takarda ba ta neman caji.

Kuɗi kuwa, farashin mota yana canzawa da farashin mai, don haka ka tambaya a tasha ana gobe tafiya. Ka kasa abin da ke hannunka huɗu: mota, abinci, tsarabar mai masauki da ɗan rakiya, sai na ko-ta-kwana. Kuɗin komawa gida ka ware shi daban, ka manta da shi. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana, kada ka dogara da tiransifa inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa.

ABIN DA ZA KA DAWO DA SHI

Bambancin ɗalibi da ɗan yawon shan iska shi ne abin da ya dawo da shi. Ga aikin gwaji, kowa ya ɗauki nasa:

Ɗan safiyo da ɗan zanen gine-gine: taswirar tsohon gari da layin ganuwa, ko da daga bayanin dattawa da hoton tauraron ɗan'adam ne.

Ɗan kimiyyar abinci: matakan yin daddawa ko man kaɗe, da lokacin da kowane mataki ke ci, da inda ake asara.

Ɗan aikin jarida: hira da mutum uku da suka ga ƙaurar 1957, da muryarsu da izininsu.

Ɗan sashen kula da baƙi da yawon buɗe ido: tsarin ziyarar kwana biyu, da lissafin wanda zai amfana a cikin gari, daga direba zuwa mai waina.

Duk abin da ka rubuta, ka buga kwafi biyu: ɗaya ga laburaren makaranta, ɗaya ga mutanen da suka ba ka labarin. Da yawa sun zo sun kwashi bayani sun tafi, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Kada mu shiga layinsu.

KAMMALAWA

Kowace shekara muna fita da ɗaruruwan furojet, da yawansu kwafin na bara ne aka canza musu bango. Ga kuma gari a cikin jiharmu wanda tarihinsa ke bakin tsofaffi, dajinsa ke ƙarewa a buhun gawayi, sunansa kuma ya zama abin tsoratar da yara. Ranar da hanya ta zauna daram, masu zuwa kallo za su nemi taswira, su nemi tarihi, su nemi wanda zai ce musu ga abin da za ku ci. Idan ba a rubuta yanzu ba, za su tarar da tudun ƙasa babu mai bayaninsa.

Ina kira ga ƙungiyar ɗalibai da ta haɗa zama ɗaya a wannan semista tsakanin 'yan asalin Birnin Gwari da duk mai sha'awa, a dafa fate, a baje taswira, a fara hawa na farko. Ba ya buƙatar mota, ba ya buƙatar rakiya. Allah ya zaunar da ƙasar Birnin Gwari da Arewa baki ɗaya lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba mu ilimi mai amfani. Amin.